Tambayoyi da Amsoshi kan Batirin Mota: Wanne Zai Jure Zafin Garwa?

Sana'ata gyaran wutar mota ce a nan Garwa ta Kamaru, ina kuma sayar da batura a gefen gareji. Masu zuwa wurina kala-kala ne: direbobin Hiace masu zirga-zirga zuwa Marwa, masu manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena, ma'aikata, 'yan kasuwa, da mata masu ƙananan motoci. Kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi, shi ya sa na tattara su a nan da amsar da nake bayarwa.

Malam, batirina bai cika shekara biyu ba ya mutu. Jabu aka sayar mini?

Mai yiwuwa, amma kada ka yi saurin ɗora wa mai shago laifi. Babban makashin batir a ƙasarmu zafi ne. A cikin batir akwai farantan dalma jiƙe cikin ruwan asid, kuma zafi yana yi musu ɓarna biyu: yana ƙafar da ruwan, yana kuma sa ragar da ke riƙe da farantan ta riƙa cinyewa da sauri. Masu ƙera batura suna da ƙiyasi cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan digiri 25 yana rage rabin kwanan batirin dalma. To ka duba Garwa ko Kusiri ko Njamena a watan Maris da Afrilu, ma'auni ya haura 40 a inuwa, sannan ka ƙara da zafin injin a ƙarƙashin bonet. Batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Turai, a nan in ya ba ka biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba a bazarar yake mutuwa ba. Yakan lallaɓa ya wuce damina, sai sanyin asubar hunturu ya zo, man injin ya yi kauri, a murɗa makulli a ji shiru. Sai a ce sanyi ya kashe shi, alhali tun Afrilu zafi ya gama da shi. Mutanen Ngaundere da ke kan tudu, inda iska ta fi sanyi, nasu yakan ɗan fi namu daɗewa.

Ta yaya zan san wanda ya dace da motata?

Buɗe bonet ka karanta abin da ke jikin wanda ke ciki, in dai ka tabbata shi ne daidai tun farko. In kana shakka, littafin motar ya fi kowa gaskiya. Abu huɗu ake dubawa: girman akwatin, gefen da kan mai alamar + yake, kaurin kawunan, da ƙarfin da aka rubuta.

Motocin da muke hawa gida biyu ne. Na Japan, su Toyota da Nissan da Mitsubishi, galibi suna ɗaukar batir mai tsayi wanda kawunansa suka fito sarari a sama, ana danne shi da ƙarfe ta bisa. Na Turai, su Peugeot da Marsandi da Volkswagen, nasu ya fi gajarta, kawunan sun nutse cikin kusurwa, kuma ta gindi ake kama shi, akwai ɗan leɓe da aka yi masa a ƙasa. Sai dai a kula: Toyota da aka haɗa a Turai, irin Carina E da Avensis da wasu Corolla da ke shigowa ta Duwala, sau da yawa mazaunin batirinsu irin na Turai ne. Sunan mota kaɗai bai isa ba, sai an duba.

Na sha ganin an cusa dogon batir a mazaunin gajere, kan ya riƙa gogar bonet. Wannan gobara ake nema.

Mene ne ma'anar lambobin nan, 55D23L ko 95D31R ko N70?

Wannan rubutun Japan ne, kuma da zarar ka gane shi ba mai sake ruɗa ka a kasuwa. Ɗauki 55D23L. Lambar farko, 55, matsayin ƙarfinsa ne. Ba adadin amfiya ba ne kai tsaye, amma duk wanda lambarsa ta fi girma ya fi ƙarfi. Harafin D yana nuna faɗi da tsayin akwatin: D ya kai wajen santimita 17 a faɗi, B kuwa siriri ne, wajen santimita 13, kuma yawanci kawunansa ƙanana ne. Lambar 23 ita ce tsawonsa a santimita. Harafin ƙarshe, L ko R, shi ne gefen kawuna. Ajiye batirin a gabanka, gefen da kawunan suke ya fuskance ka: in mai + yana hannun damanka, L ne, in yana hagu, R ne.

Saboda haka in motarka tana ɗaukar 55D23L, kana iya sa 75D23L, ka ƙaru da ƙarfi a akwati iri ɗaya. Amma 55D23R ba zai yi ba, wayoyin ba za su kai ba, kuma kada ka bari a ja su da ƙarfi ko a yi musu ƙari.

Su NS40, NS60, N50, N70, N100, N120, N150 da N200 tsohon suna ne da har yau shi kasuwa ta fi sani. NS40 da NS60 na ƙananan motoci ne, N70 na su Hilux da Hiace ne galibi, daga N100 zuwa sama kuwa na manyan motoci.

Ah da CCA fa? Wanne ya fi muhimmanci?

Ah yawan wutar da batir ke iya ajiyewa ne, kamar girman randa. Batir mai 60Ah zai iya ba da amfiya 3 har awa 20 kafin ya ƙare. Haka ake gwada shi. Ɗaya lambar, wadda ake rubutawa CCA ko a sa A kawai a bayanta, kamar 540A, ita ce ƙarfin bugun da zai iya yi lokaci guda don juya injin, kamar faɗin bakin randar. Ana gwada ta a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, sanyin da ba a taɓa gani a gaɓar Binuwai ba.

Don haka ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramar motar fetur a Garwa ya ƙara kuɗi don farautar CCA mafi girma ba. Ya kai abin da kamfanin motar ya ce, shi ke nan. Mai dizal ne ya kamata ya kula da wannan lamba, domin injin dizal ya fi nauyin juyawa, ga kuma bujin ɗumama da ke shan wuta tun kafin a tayar.

In na sa wanda ya fi girma, zai ƙona mini wayoyi ko altaneta, na'urar da ke cajin batir?

A'a, muddin bolt 12 ne kuma ya zauna daram a mazauninsa. Mota abin da take bukata kawai take ja. Ƙaramin batir a babbar mota shi ne matsala, kullum a wahale yake, bai daɗewa.

Mai murfi da ake ƙara wa ruwa, ko rufaffe?

A nan amsata ta danganta da halin mai motar, ba da motar ba. Mai murfi shida yana da fa'ida ɗaya babba a ƙasar zafi: in ruwa ya ƙafe ana mayarwa. Direban da kowace safiya yake duba mai da ruwan lagireto, wannan shi nake ba wa mai murfi, don na san ba zai bar farantan su bushe ba. Rufaffe kuwa an haɗa dalmarsa da kalsiyam, ruwansa bai cika ƙafewa ba, amma abin da ya tafi ya tafi. Hajiyar da ba ta buɗe bonet, ko Alhajin da direbobi uku ke karɓa-karɓa da motarsa ba mai kula, rufaffe ya fi musu.

Ɗan idon nan da ke saman rufaffe, mai nuna kore, kada ka dogara da shi. Cikin batir an raba shi ɗaki shida, idon kuwa ɗaki ɗaya yake kallo. Ido na iya zama kore alhali ɗakin da ke gefe ya mutu.

Akwai kuma sababbin motoci masu kashe injin da kansu in an tsaya a danja, su sake tashi in an saki birki. Waɗannan sai batir mai rubutun EFB ko AGM. In motar ta zo da AGM, a mayar mata da AGM. Batir na gama-gari ba zai jure wannan yawan tayarwar ba, kuma wasunsu sai an sanar da kwamfutar motar cewa an canza.

Wane ruwa zan ƙara? Wani ya ce in zuba asid ya farfaɗo.

Don Allah kada ka zuba. Abin da ke ƙafewa ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan. In ka ƙara asid ya yi kauri fiye da ƙima, ya cinye farantan. Tataccen ruwa ake sawa, wanda ake sayarwa a kwalba a gidajen mai da kantin magani, masu Faransanci suna ce masa o distile. Ban da ruwan rijiya, ban da na famfo, ban da na leda; duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata batir a hankali. A zuba har ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya, ko ya kai layin sama in akwai, kada a cika shi fal, don in ya yi zafi zai tumbatso ya ci ƙarfen mazaunin. A bazara a duba duk sati biyu.

Yaya zan gane sabo daga wanda ya daɗe a shago?

Wannan tambayar ta fi ta sunan kamfani muhimmanci, amma ba a cika yi mini ita ba. Mutum zai zo yana tambayar Varta ko Bosch ko Yuasa ko Rocket, ya manta cewa batir mai ruwa tun ranar da aka cika shi yake tsufa. Ko ba a taɓa shi ba wutarsa tana zurarewa, a zafi kuma ta fi sauri. Kayan da ya sauka Duwala, ya kwana a sito, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya sake hawa mota zuwa nan, sannan ya zauna a rumfar kwano wata takwas, ya riga ya ci wani abu daga kwanansa. In wuta ta yi ƙasa ta daɗe a haka, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan, caji ba ya narkar da shi duka.

Ka tambayi ranar ƙira. Tana buge a murfi ko a wata 'yar takarda, kowane kamfani da salon rubutunsa, mai shagon kirki ya san yadda ake karanta nasa. Wanda bai wuce wata shida ba nake so. Sannan ka ce a ɗora masa mitar auna wuta a gabanka. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.4, ya sauka, sai an yi masa caji kafin a ɗaura. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Sabon batir da ke nuna haka a shago, bar musu kayansu.

Ɗaga shi ma ka ji. Dalma ce ke da nauyi kuma ita ce ke da tsada, don haka mai ha'inci a nan yake ragewa. Batir mai 70Ah yakan kai kilo 17 zuwa 20. In an rubuta 70 amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, rubutun ne kawai 70.

Akwai wanda ake kawowa busasshe, sai ka saya a zuba masa asid a gabanka. Wannan ina son sa a ƙasarmu, domin bai fara ƙirga kwana ba sai ranar da aka cika shi. Amma a bar shi ya tsima kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a kuma ɗora shi a caji kafin ya shiga mota. Gaggawar ɗaura shi nan take tana rage masa ƙarko.

A ƙarshe ka karɓi rasit mai kwanan wata da takardar garanti, ka ji wata nawa aka ba ka da bakin mai shago.

Na hannu fa, irin wanda ake cirowa daga motocin Beljiyam?

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na san halin da ake ciki, wani lokaci 'yan dubban sefar da ke tsakani su ne cefanen mako, ba na ganin laifin wanda ya saya. In dole ne, kada ka yarda da mita kaɗai, domin mataccen batir ma yana iya nuna 12.6 in yanzu aka sauke shi daga caji. A ɗaura shi a mota, a murɗa makulli mita tana jiki. In lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da injin ke juyawa, ba shi da sauran ƙarfi. Ka duba gefensa ko ya kumbura, da murfinsa ko an taɓa fasa shi an liƙe. Wanda aka yanka aka sauya wa ɗaki ɗaya, bai dace da motar da za ta shiga daji ba.

Na sa sabo, bayan sati biyu motar ta sake ƙin tashi. Me ya faru?

To ka ga dalilin da ya sa ba na sayar wa mutum batir sai na gwada motarsa. Kwanan baya wani direba ya zo, batir na uku ke nan cikin shekara ɗaya, ransa a ɓace, yana cewa duk kayan kasuwa sun lalace. Na ɗora mita injin yana aiki, sai ga bolt 15 da 'yan kai. Altanetarsa ce ke dafa masa batura ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin abin da ke daidaita cajin muka canza, kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba.

Injin yana aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, lafiya ke nan. Ƙasa da 13.5, batir ba ya samun abincinsa, sai a duba fambel ko ya saki, a duba altaneta. Kusa da 15 ko sama, ana tafasa shi. Alamarsa warin ruɓaɓɓen ƙwai, gefe ya kumbura, ruwa yana ƙarewa da wuri. In caji daidai ne amma kullum da safe batir a ƙasa, to wani abu yana shan wuta cikin dare: rediyon da aka haɗa kai tsaye, na'urar bin sawun mota, fitilar but da ba ta mutuwa. Wani lokaci kuma laifin na demarer ne, wato kik, ko kan batir ne kawai ya saki ko ya yi farin gari.

Wannan garin da ruwan ɗumi da 'yar kanwa ake wanke shi, kanwa tana kashe kaifin asid. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batirin. A goge, a ɗaure sosai, a shafa ɗan basilin.

Wata al'ada da nake roƙon 'yan'uwana bakanikai su bari: cire kan batir injin yana aiki don a ga ko altaneta tana caji. A zamanin Peugeot 504 an yi haka an wuce lafiya. A motar yau mai kwamfuta, wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona kayan da suka fi batir tsada nesa ba kusa ba. Mita ba ta da tsada.

Motata batir biyu gare ta. Ɗaya ya mutu, in canza shi kaɗai?

A'a, maigida, biyun za ka canza, iri ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya. Manyan motoci suna aiki da bolt 24, batura biyu ne aka jera wuta tana bi ta cikin ɗaya zuwa ɗaya. In ka haɗa sabo da tsoho, ba za su cika tare ba, ɗaya zai sha caji fiye da ƙima, ɗayan ya zauna da yunwa, cikin 'yan watanni ka rasa duka. Haka ma in ana jan wutar rediyo ko cajin waya daga batir ɗaya cikin biyun, kamar yadda yaran mota suke yi. A sa ɗan akwatin da ke sauke 24 zuwa 12. Land Cruiser mai batir biyu kuwa, ba duka ba ne haɗinsu ɗaya, don haka a duba yadda wayoyin suke kafin a kwance.

Masu bin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, ku ɗaure batir da ƙarfensa na asali. Igiyar roba ba ta riƙe shi, kuma girgiza tana kakkaɓe farantan har su taɓa juna. Ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada batir da caji a gari, ba a Waza ba.

In an ɗauke wuta, zan iya amfani da batirin mota a gida ko a sola?

Zai kunna fitila da fanka, amma ba zai daɗe ba. An yi batirin mota da farantai sirara masu yawa don ya yi bugu ɗaya mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, sannan altaneta ta cika shi nan da nan. In ana tatse shi har ƙasa kowane dare, watanni kaɗan zai yi. Na sola farantansa masu kauri ne, an yi shi don a sha a mayar. Kowanne a bar shi a aikinsa.

Zan tafi aikin Hajji, motar za ta tsaya fiye da wata. Me zan yi?

Allah ya karɓa, Alhaji. A cika batirin, a cire kan mai alamar −, a ajiye motar a inuwa. Tayar da ita minti biyar kowace safiya ba ya amfana, abin da tayarwar ta ci ma bai mayar ba. In akwai amintaccen da zai tuƙa ta rabin awa a mako, wannan ya fi.

Zan iya canzawa da kaina?

Za ka iya. Kashe injin, zare makulli, cire zobe da agogon ƙarfe. Fara kwance kan −, sannan +. Wurin ɗaurawa kuma + ne farko, − ne ƙarshe. Dalili shi ne jikin motar duka − ne. In ka fara da + sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi. Ban da sigari ko ashana kusa, domin batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa, musamman in yana caji ko an sauke shi yanzu. In asid ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, sannan a tafi asibiti.

Tsohon fa, in kai gida?

Bar shi a shago a rage maka kuɗi, ko ka sayar wa masu tara su ɗungurungum, ba a fasa ba. Ina roƙon ka kada ya shiga gida. Na ga ana fasa batir a tsakar gida, a zubar da ruwan a kwata, a narka dalmar a tukunya don yin nauyin taru, yara suna wasa a wurin. Dalma guba ce da ba ta da wari, kuma ƙananan yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A Caroy, wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwar. Ko akwatin robar kada a mai da shi mazubin ruwan kaji ko tumaki. In ka taɓa tsohon batir, wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro.